Amsa: yaya rayuwa take a jirgin ruwan yaƙi na destiroya in jiragen sama sun kawo hari?

Malam, kana tambaya yadda sojojin ruwa suke yi in ana musu ruwan bama-bamai daga sama, to bari in ba ka misalin yaƙin tsibirin Okinawa na Japan a 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amurka ta riƙa ajiye destiroyoyi can nesa da sauran runduna suna gadi da rada, na'urar hango jiragen sama daga nesa, kenan su matuƙan kamikaze na Japan, masu kai harin ƙunar baƙin wake da jiragen sama, ke fara gani. Ranar 16 ga Afrilu jiragen sama 22 suka yi wa wani destiroya mai suna USS Laffey taron dangi, shida suka faɗa masa, bam huɗu suka same shi, mutum 32 suka mutu amma bai nitse ba.

Da ƙararrawa ta kaɗa kowa sai bakin aikinsa, a rufe ƙofofin ƙarfe gam don ko ruwa ya shiga wani ɗaki kar ya wuce gaba, masu bindiga na harbi, wasu na kashe gobara suna toshe ɓula, teburin cin abincin hafsoshi ya koma gadon tiyata. 'Yan ɗakin inji ni su suka fi ba ni tausayi wallahi, ba sa ganin komai, sai zafi da ƙara da girgiza. Barci kuwa sai na sata.

Kar ka ɗauka destiroya yana da sulke mai kauri, su kansu sojojin gwangwani suke ce masa. Kuma Laffey biyu ne, na farkon ya nitse kusa da tsibirin Guadalcanal a 1942, mutane na yawan ɗaukar su jirgi ɗaya ne. In rubutun makaranta kake yi, tuntuɓi malamin tarihi ko gidan tarihin Patriots Point a South Carolina, can Laffey na Okinawan yake har yau.