Tsuntsayena suna fitowa a koɗe a hoto, in ƙara musu kala ne?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na fara ɗaukar hoton ƙananan tsuntsaye masu waƙa, lens ɗina 400mm ne kuma a RAW nake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta gyara ba, amma da na buɗe a kwamfuta sai in ga kalar duk ta koɗe, alhali na wasu a Facebook har ɗaukar ido suke. Wani ya ce in sayi firiset ɗinsa, wato shiryayyen saitin gyaran hoto, ko in ja satureshin, maɓallin ƙara ƙarfin kala, sama. Abin ya fara kashe min gwiwa, ko kyamarar ce ba ta da kyau?

Amsa: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, kyamararka lafiyarta ƙalau. RAW dama haka yake buɗewa, wanda ka gani a bayan kyamara ƙaramin JPEG ne da ita ta riga ta gyara. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom ka zaɓi furofayil, wato saitin kala, da ya dace da kyamararka, za ka ga bambanci nan take.

Amma batun jan satureshin ɗin nan, shi ne abin da nake fama da shi kullum, kuma wallahi ya ishe ni. Mutane sun ɗauka kala tana ɓoye cikin hoton ne, da an ja maɓalli za ta fito. Ba haka ba ne. Ja da ruwan ɗorawa a jikin yawancin tsuntsayen nan daga sinadarin karotinoyid suke, wanda tsuntsu ke samu daga abin da yake ci, shi ya sa masu kiwon jan kanari suke ba shi abinci na musamman lokacin da yake sake gashi. Baƙi da ruwan ƙasa daga sinadarin melanin suke. Shuɗi kuwa ba rini ba ne sam, ginin gashin ne yake juya haske ya dawo maka da shuɗi, kuma a masu sheƙi abin ya danganta da inda rana take da inda kai kake tsaye, tsuntsu ɗaya zai juya wuya ka gan shi baƙi wuluk, ya sake juyawa ka ga kore ko shuɗi yana walƙiya. To idan hasken bai faɗo daidai ba lokacin da ka danna, me za ka ja? Babu shi a fayil ɗin.

Abin da satureshin yake yi shi ne ya ɗaga komai gaba ɗaya. Ja ne ke fara ƙonewa, ka zuƙo ƙirjin tsuntsun ka duba, ƴan siraran layukan gashin duk sun ɓace ya koma kamar an shafa masa fenti. Inuwar da ke ƙarƙashin farin cikinsa ta koma shuɗiya, ciyawar baya ta yi wani kore da babu irinsa a daji. Masu sayar da firiset ba za su gaya maka wannan ba, su dai kuɗinka suke so, kuma ta yaya saiti ɗaya zai yi wa hoton safiya da na inuwar bishiya aiki iri ɗaya?

Ɓarnar ma ba a muni ta tsaya ba. Ƙananan tsuntsaye da yawa ɗan abu kaɗan ne ke raba su, ɗan ɗorawa a maƙogwaro, ɗan toka-toka a ka. Mata da ƙanana galibi ba su da kala mai ƙarfi, wasu mazan ma in lokacin hayayyafa ya wuce sai su koma fari-fari ruwan ƙasa kamar matan. Kai kuma ka zo ka cika kala ka ɗora a eBird ko iNaturalist, shafukan intanet da mutane ke ɗora halittun da suka gani, inda masu bincike ke dogara da hotunan mutane, hotunan eBird ma a taskar Macaulay ta jami'ar Cornell a Amurka ake ajiye su. Ka ga ka ba da shaidar zur a kan tsuntsu ke nan, sabon shiga kuma ya fita daji yana neman abin da Allah bai halitta ba. Gasar hoton namun daji ta gidan tarihin halittu na Landan ba a banza take neman asalin RAW daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe ba. Gwara ruwan ƙasa ce, dan Allah a bar ta a haka, akwai kyau a jikinta ga wanda ya tsaya ya duba.

Gyaran kala tun daga wurin ɗaukar hoto yake farawa. Fita da sassafe ko da yamma, rana a bayanka, ka sauko daidai idon tsuntsun, gudun shata, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa ko da ISO, saitin yadda kyamara ke jin haske, zai hau. In tsuntsun ja ne ko ɗorawa rage haske kaɗan kana duba histogiram, wato jadawalin da ke nuna yawan haske, na kowace kala. A kwamfuta fara da daidaita fari, hasken rana wajen 5500 ne a ma'aunin launin haske na Kelbin, inuwa takan kai 7000, ƙarƙashin ganye kuma kore kan hau jikin tsuntsun sai ka ɗan rage shi. Bayan nan in har da saura, taɓa kalar da ke buƙata ita kaɗai a HSL, sashen da ake gyara kowace kala daban, kaɗan kawai, ka fitar da hoton a tsarin kala na sRGB don kada ta sauya a wayoyin mutane. Kuma kada neman kusanci ya kai ka bakin sheƙa ko kunna masa kukan ɗan'uwansa a waya lokacin hayayyafa, zauna wuri ɗaya ka jira shi ya zo.