Bokitin ruwan gishiri ba teku ba ne

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya turo tambaya jiya da daddare, wai yaya zai yi babi na biyu na aikin bincikensa ya kai shafi 40, malaminsa ya dawo masa da shi sau uku... na saurara, na kuma buɗe abin da ka turo min. To ni dai gaskiya zan gaya maka, ba tsawo ne matsalarka ba. Malamin nan bai yarda da takenka ba ne, kawaicinsa ne ya hana shi faɗa maka kai tsaye.

Ka rubuta a take cewa kana binciken yadda ruwan ganyen zogale yake hana ƙarfe tsatsa a ruwan teku. Na shiga babi na uku, me zan gani? Asid ka tsoma ƙarfen a ciki. Asid fa! Haba ƙanena, ina asid ina teku? Yadda asid ke cin ƙarfe daban, yadda ruwan teku ke cinsa daban. A teku iskar oksijin da ke narke a ruwan ita ke tura aikin, kuloraid, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma ya hana ƙarfen samun wata fata da za ta kare shi. Shi ya sa ko sitenles, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai lamba 304 ɗin nan, sai ka ga ya yi 'yan ramuka kamar an tsira masa allura. Mai lamba 316 ya fi jurewa saboda wani ƙarfe, molibdinom, da aka sa masa, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari.

Kuma kar wani ya ce ai muna Kano, babu teku. Na sani. Ba wanda ya ce ka hau mota zuwa Apapa ka ɗebo a jarka. Ka haɗa naka, gishiri kashi 5 cikin ɗari... a'a, tsaya, in gyara, kashi 5 na gwajin feshin gishiri ne, wato ƙa'idar gwaji mai lamba ASTM B117, a zafin digiri 35. Na teku kashi 3.5 ne, wato giram 35 a lita guda. Amma ba gishirin miya na kanti ba, don Allah, wannan da sinadarin aidin a ciki. In kuma kana son wanda ya fi kusa da na gaske, akwai ASTM D1141, ƙa'idar haɗa ruwan teku a ɗakin gwaji, ta lissafa maka har da su magniziyam da kalsiyam da salfet. Sai ka rubuta ƙarara: ruwan gishiri na haɗa a ɗakin gwaji. Shi ke nan. Don a ɗakin gwaji ba igiyar ruwa, ba ƙwayoyin halitta, ba jiƙewa da bushewa. Alhali a teku wurin da ya fi cinyewa shi ne daidai inda ruwa ke fantsama, ya jiƙe ya bushe, ya jiƙe ya bushe, ba can ƙasa ba.

Abin nan yana min ciwo ne don ya taɓa ci na. Lokacin digirina na biyu, ƙarfe na saya a Ƙofar Ruwa, na yanka, na goge da sanfefa, wata uku ina awo. Ranar kare aiki, dattijon da aka gayyato ya duba, tambaya ɗaya ya yi min: wane irin ƙarfe ne wannan, kabon nawa ne a ciki? Wallahi na yi shiru. Ban kai an auna ba. Wanda ke duba aikina kuma ya sa hannu sau biyu bai taɓa tambaya ba, ranar ma kansa a sunkuye kamar bai san ni ba. Wata shida na ƙara. Wata shida! Har yau in na wuce ta kasuwar nan sai na tuna. Kuma da ya ce min tun farko... to, a bar wannan.

Sannan ku daina ɓoye abin da bai yi daɗi ba a sakamako. Hamfiri Debi, wani masanin kimiyya a Ingila, 1824, ya liƙa tutiya da baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ake lulluɓe ƙasan jiragen yaƙi da shi. Cin da ruwan teku ke yi wa jan ƙarfen ya tsaya, sai ga ciyayi da ƙananan halittun ruwa sun manne wa jirgin, don dama jan ƙarfen da ke narkewa ne yake korarsu. Da an ɓoye wannan, da me na baya za su koya? Har yau da dabararsa ake kare jirage da bututun mai. Kai kuma awonka na kwana 14 ya fita daga layi, na ga ka share shi daga jadawalin, daga 7 sai 21. Mayar da shi, ka faɗi abin da kake zaton ya jawo.

Babi na biyu kuwa, cire tarihin ƙarfe tun zamanin da, ba mai buƙata. Wa ya gwada ganye a ruwan gishiri, a wane zafi, kwana nawa, milimita nawa ya samu ƙarfen na cinyewa a shekara, me ya bari bai yi ba. Ko shafi 15 ne ya isa.

Ko ka canza take ya koma asid, ko ka sake gwajin. Zaɓi ɗaya ka gaya min kafin Juma'a, kuma ka turo da nauyin kowane ƙarfe kafin tsomawa da bayan wankewa, na littafinka na hannu nake so.