Fentin da zai dace da launin babur na asali

Tambaya: Malam, tankin babur ɗina ja ya kwarzane, kuma mai fentin da na kai wa a nan Tahoua ya fesa wani ja wanda bai yi daidai da sauran jikin ba. Yaya ake samun launin kamfani?

Amsa: Malam, kamfanoni irin su Honda suna ba kowane launi lamba, wadda sau da yawa ake liƙa ta a ƙarƙashin sirdi, sai dai ko an samu lambar, zafin ranar Ader, wato yankin Tahoua, ya riga ya koɗar da fentinka, ja kuwa ya fi saurin koɗewa. Saboda haka sabon fenti zai fi tsohon ƙarfin launi a ido.

Idan babur ɗin duka za a fesa, a cire murfin gefe a gwada launi da cikinsa, inda rana ba ta taɓa ba. Idan tanki kaɗai ne, a haɗa fentin ya yi daidai da launin da ya koɗe. A fara fesawa a kan guntun ƙarfe mai shimfiɗar farko (fentin da ake fara sawa a ƙasa) iri ɗaya da ta tankin, domin ja a kan fari ya bambanta da ja a kan toka, sannan a bari ya bushe a duba shi da rana, ba a ƙarƙashin fitila ba.