Amsa ga baƙuwarmu ta Jidda: kar ki kira kafinta tukuna

Assalamu alaikum. Na ga tambayar 'yar uwarmu da ta taho daga Funtuwa, wata uku ke nan da ta tare wurin maigidanta a Jidda da yara biyu. Ta ce gidan hayar wayam ta tarar da shi, kicin ko kanta babu, tana so a kira kafinta ya kafa mata kabad na katako a bango irin na gida. Ta kuma ce kaɗaici ya ishe ta, daga ita sai yara sai ƙarar esi. Ƙanwata, sannu da zuwa, Allah ya sa kin shigo a sa'a. Ni tun 2011 nake garin nan, gidana na huɗu ke nan, don haka bari in ba ki nawa.

Kar ki kira kafintan nan. Ni na kira, na kuma ga yadda ta ƙare. Muna zaune a unguwar Sabil na tara kuɗin adashina na shekara guda aka yi min kabad na katako daga bango zuwa bango, har da tayil na sa aka manna a bayan murhu. Duk wadda ta shigo sai ta ce masha Allah. Da aka fara rusau a ƙarshen 2021 zuwa 2022, wanda ya ci Sabil da Karantina da Gulel da sauran tsofaffin unguwanni, wata safiya muka tashi muka ga an rubuta "ikhla" da jan fenti a bangonmu, wato a tashi. Maigida ya kawo mai kwance kaya, mutumin ya ɗora hannu a kabad ɗin ya girgiza kai. Raɓar Jidda ta riga ta kumbura katakon, yana jan ƙusa yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Ƙofa biyu kacal muka tsira da su. Maganar diyya kuwa ta masu gidaje ce, ɗan haya sai dai ya naɗe tabarmarsa.

Ba ina ce miki za a rushe unguwarku ba ne. Amma mai igama, wato takardar izinin zama, baƙo ne ko ya shekara talatin. Aikin maigida na iya canjawa, mai gida na iya ƙara kuɗi ranar sabunta kwantiragi. Abin da matan nan ke yi, kuma suna da gaskiya, shi ne kicin na alminiyam. Ana kwance shi da sukundireba, a loda a dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, a sake ɗaurawa a sabon gida, ruwa bai dame shi ba, kyankyasai ba sa samun wurin ɓuya. Ba sai kin sayi sabo ba. Ku je Haraj Sawarik, kasuwar gwanjo da ke kudancin gari, ko ku duba manhajar Haraj, kullum akwai mai komawa ƙasarsu yana neman rabuwa da kaya. A taya a ƙasa sosai, ba a jin kunyar ciniki a can.

Kafin kabad ma akwai abin da ya fi shi gaggawa. Ki tambayi maigida ko an rubuta hayarku a Ejar, shafin gwamnati na kwantiragin haya, don shi ne hujjarku in rigima ta taso. Ki kuma sa a lissafi cewa in shi ma'aikacin kamfani ne, akwai kuɗin iyali da aka fara karɓa a 2017 a kan riyal 100, tun 2020 ya zama riyal 400 duk wata a kan kowane mutum. Ke da yara biyu 1,200 ke nan, a shekara 14,400. In kin ga ya yi shiru da kika ambaci labule, wannan ne a ransa, ba rowa ba ce.

Sai ruwa. Ki yi sabo da haris, mai gadin benen, shi ya san ranar da ruwa ke zuwa da ranar da sai an kira wayit, motar ruwa, ta cika tankin ƙasa. Da zafi ya kankama tankin saman bene tafasa yake yi, da azahar in kika buɗe famfo sai ya ƙona hannun yaro. Wata tsohuwa 'yar Yaman ce ta koya min dabara: ki kashe hitar dumama ruwa gaba ɗaya, ruwan da ke kwance a cikinta yana cikin inuwa, sai ɓangaren ruwan zafi ya koma shi ne mai sanyi. Na yi shekara biyu ina tara ruwan wanka a bokiti kafin in sani. In kuma tsohon gini ne, a gwada kowace soket kafin ki jona kaya, don wasu gidajen har yanzu suna da mai 110 da mai 220 a ɗaki ɗaya. Esi kuwa ki riƙa ciro ragarsa ki wanke, zai fi sanyi, kuɗin wuta ma ya sauka.

Cefane ba zai ba ki wuya ba da zarar kin san sunaye. Lalo shi ne mulukiya, kuɓewa bamiya, zoɓo karkade, gero dukun. Samid yana tuƙuwa tuwo lafiya lau. Daddawa da kuka da yajin ƙuli ne sai wurin namu, ko a Makka wajen Shara Mansur, ko ki roƙi mai zuwa Umara ya riƙo miki. Kuma ki sani mutanen Hijaz ba baƙin abincinmu ba ne. Tsirenmu suna ci, sireh suke ce masa, kakanninmu da suka zo aikin Hajji suka zauna ne suka bar musu.

Yanzu maganar da ta fi damun ki, don na san kabad ɗin ma kaɗaici ne ya kawo shi. A nan ba kamar Funtuwa ba ne da za ki leƙa ta katanga ki ce a ba ki gishiri. Ƙofofi a rufe suke, amma ba ƙiyayya ba ce. Mutanen garin nan dare suke raya wa, da hantsi barci ake yi. Ni da farko ƙarfe goma na safe na je gaida maƙwabciyata, na yi ta danna ƙararrawa shiru, na dawo ina kuka na ce ba a son baƙar fata. Ashe baiwar Allah ko juyi ba ta yi ba. Bayan magariba ake ziyara. Ki yi masa ko dambu, ki zuba a faranti mai kyau, ki ba babban yaronki ya miƙa ƙofar da ke kallon taku. Farantin ba zai dawo fanko ba. Nawa da basbusa, wani kek mai zaƙi na samid, ya dawo, kuma wannan matar ce daga baya ta kwana da ni a asibiti ranar haihuwar autana. Ba kowa zai karɓa ba, akwai wadda har muka tashi sallama kaɗai ke haɗa mu, ba komai.

Ki nemi makarantar haddar mata ta unguwarku, a can za ki tsinci Larabcin kasuwa da ƙawaye lokaci guda. Yara ma a kai su halƙar masallaci bayan la'asar, wata shida za su fara yi miki tafinta. Sai dai ki dage da yi musu Hausa a gida, nawa babban yanzu in kakarsa ta kira a waya sai ya riƙa kallona.

Abu ɗaya zan ja kunnenki: za a zo a ce ki fara sayar da abinci daga gida. Igamar iyali ba ta ba ki izinin sana'a ba, na ga waɗanda abin ya ja wa tarhil, wato aka kore su zuwa ƙasarsu. Ki yi shawara da maigida sosai.

In kun tashi zuwa Haraj, ki auna bangon kicin tsawo da faɗi, ki auna inda famfo yake da inda tukunyar gas za ta zauna, ki rubuta a takarda. Ku tafi bayan la'asar, ki sa takalmi mara tudu don tafiya ce. In ranar Asabar ce ki turo min saƙo ta akwatin sirri, ni ma ina neman firji.