Amsa ga Hajiyar da ɗanta zai tafi karatu Istanbul: yadda ake zama da girgizar ƙasa

Assalamu alaikum. Hajiya, na ga tambayarki cewa yaronki ya samu gurbin karatu a Istanbul, kuma tun da kika ji ana cewa Turkiyya ba ta rabuwa da girgizar ƙasa hankalinki bai kwanta ba, har kina so waɗanda suka zauna can su faɗa miki yadda rayuwa take idan ƙasa ta motsa, ko kuwa a haƙura da tafiyar gaba ɗaya. A birnin na yi karatu kafin na dawo gida Kano, kuma ina can aka yi girgizar watan Satumba na 2019, saboda haka zan faɗi abin da na gani da abin da mutanen garin suka koya mini.

Abin da ya zauna a zukatan mutanenmu shi ne hotunan ranar 6 ga Fabrairu 2023, lokacin da girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta rushe garuruwa a kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, aka rasa sama da mutum 50,000 a Turkiyya kaɗai. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma wadda mazaunin ƙasar ya fi haɗuwa da ita a rayuwarsa ita ce matsakaiciya, mai maki 5 zuwa 6, da ƙananan da wani lokaci sai a labarai mutum zai ji an yi su. Lambobin nan suna yaudarar ido, domin ƙarin maki ɗaya a ma'aunin yana nufin ƙarfin ya ninka kusan sau 32, wato tsakanin mai 5.8 da mai 7.8 akwai ninki kusan 1,000, duk da cewa a rubuce tazarar maki biyu ce kacal.

Wadda na gani ta faɗo ranar Alhamis, 26 ga Satumba 2019, saura minti ɗaya ƙarfe biyu na rana agogon can, wato gab da sha biyu a nan Kano. Cibiyarta tana ƙarƙashin tekun Marmara daura da garin Silivri, ƙarfinta kuma maki 5.8. Ina ɗakina a hawa na huɗu lokacin. Abin da ya fara zuwa shi ne gunji daga ƙasa, kamar tirela mai lodin siminti ta wuce ta gindin taga a titin Zariya, sannan bene ya fara lilo, fitilar da ke rataye a silin tana kai da kawowa, kofunan shayi suna kaɗawa a kan kanta, ƙofar kabad ta buɗe da kanta. Duk abin bai kai rabin minti ba, sai dai wanda yake ciki ba zai yarda da agogo ba. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ta ga babbar girgizar da aka yi a yankin a 1999, ita ce ta buga mana ƙofa bayan an lafa, ta tambaya ko mun rufe bututun gas, ta ce mu sauka ta matakala, kada kowa ya taɓa lif.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin amsar tambayarki, domin girgizar ta daƙiƙu ce, dagulewar al'amura kuwa ta wuni ce ko fiye. Cikin minti kaɗan tituna suka cika da mutane, wasu da silifa, wasu riƙe da jarirai a bargo, masu shaguna suna tsaye a bakin ƙofa suna kallon sama. Aka sallami yara daga makarantu, iyaye suka fito da motoci a lokaci guda, sai hanyoyi suka cushe. Layukan waya suka ɗauke na tsawon sa'o'i saboda miliyoyin mutane suna neman juna a minti ɗaya, kuma wannan shi ne abin da jama'a suka fi yin ƙorafi a kansa daga baya. Kan hasumiyar wani masallaci a unguwar Avcılar ya faɗo, gine-gine da dama sun tsage, amma birnin yana tsaye. Da la'asar gidajen burodi suna sayar da burodinsu, masu shayi suna zagayawa da faranti a filayen shaƙatawa inda iyalai suka baje shimfiɗa. Da dare wasu suka koma gida, wasu suka kwana a mota ko a fili, ba don gidajensu sun lalace ba, sai don ƙananan girgizar da ke biyo baya, waɗanda kan ɗauki kwanaki suna zuwa jefi-jefi. Washegari Juma'a aka tafi masallaci, aka buɗe kasuwa, hira dai ɗaya ce a bakin kowa.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, wanda ya kamata yaron ya sani don kada ya zaci shi kaɗai ne. Bayan girgizar farko da mutum ya gani, jikinsa yana ɗaukar lokaci kafin ya sake yarda da ƙasa. Idan wani ya jingina da gadonka sai gabanka ya faɗi, idan babbar mota ta wuce sai ka ɗaga kai ka duba fitila ko tana motsi. Na ga gidajen da suke ajiye kofin ruwa a kan tebur don su tabbatar ko ƙasa ce ta motsa ko jiri ne ya ɗebe su. Wannan yana wucewa cikin makonni, musamman idan mutum yana cikin jama'a, yana sallarsa da azkar ɗinsa, ba ya kwana a kan waya yana bin masu hasashen ranar da za a yi babba. Babu masanin da ke iya faɗin rana ko wata, kuma duk saƙon da ya zo da rana da sa'a ƙarya ce. Hukumomi biyu ake dubawa a can, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa da ake kira AFAD da cibiyar binciken Kandilli ta Jami'ar Boğaziçi, kuma cikin minti kaɗan suke fitar da ƙarfin girgiza da wurin da ta taso.

A matsakaiciyar girgiza firgici ya fi jikkata mutane a kan faɗuwar gini. Hujjar da ta fi kusa ita ce ta ranar 23 ga Afrilu 2025, lokacin da mai maki 6.2 ta sake tasowa daga wajen Silivri ɗin nan. Na riga na dawo a lokacin, amma abokan da na bari sun ba ni labari, kuma hukumomin birnin sun bayyana cewa sama da mutum 150 ne suka ji rauni saboda tsalle daga tagogi da baranda, alhali gidajen da suka yi tsallen daga cikinsu suna nan a tsaye. Mu da muka taso a Kano, inda dabarar kowane haɗari ita ce a ruga waje, sai mun koya wa ƙafarmu akasin haka. Abin da ake koya wa yara tun daga firamare a can abu uku ne: ka durƙusa, ka kare kanka da wuyanka a ƙarƙashin tebur mai ƙwari ko gefen wani abu mai ƙarfi, ka riƙe shi har motsin ya tsaya. A nisanci taga da madubi da kabad. Matakala tana cikin wuraren da suka fi rauni a bene yayin da yake lilo, don haka ba a saukowa sai an lafa. Idan an fito, ba a tsayawa a gindin gini, domin gilashi da fale-falen bango da tukwanen furanni daga sama suke zubowa, sai a nufi filin taruwa da hukuma ta ware wa kowace unguwa, wanda ake iya dubawa a shafin gwamnati na e-Devlet. Lambar gaggawa 112 ce.

Yanzu ga ɓangaren da ba zan ɓoye miki ba. Istanbul tana kusa da wata babbar tsaga a ƙarƙashin ƙasa wadda ta ratsa arewacin Turkiyya tsawon sama da kilomita 1,000, inda yankin Anatoliya, wato mafi yawan faɗin ƙasar Turkiyya, yake gogawa yana matsawa yamma kimanin santimita biyu a shekara. Reshenta ya bi ta ƙarƙashin tekun Marmara, kimanin kilomita 20 kudu da birnin. Ita ce ta haifar da girgizar Izmit ta 17 ga Agusta 1999 wadda ta kashe sama da mutum 17,000, kuma masana sun daɗe suna gargaɗin cewa ɓangaren da ke daura da Istanbul yana iya haifar da babba. Mutum sama da miliyan 15 da ke zaune a birnin sun san haka, suna aure suna haihuwa suna kasuwanci a kansa. Mu a nan ba mu san wannan zaman ba saboda Najeriya tana tsakiyar farantin Afirka ne, wato ƙaton ɓangaren ɓawon ƙasa da nahiyarmu ke zaune a kai, nesa da bakinsa inda yake gogayya da wasu, shi ya sa ɗan motsin da aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018 suka zama manyan labarai.

Saboda haka, a ganina, tambayar da ta fi amfani ita ce wane gida zai zauna, kuma a nan ne kuɗinki da maganarki za su yi tasiri. Girgiza iri ɗaya tana wuce wani bene ba tare da ko tsaga ba, ta durƙusar da na kusa da shi, bambancin kuwa rodi ne da siminti da ƙasar da aka yi ginin a kai. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu, tun da a 2022 mun ga bene ya rufta a titin Beirut ba tare da ƙasa ta motsa ba. Bayan 1999 Turkiyya ta tsaurara sa ido a kan gini, ta sabunta ƙa'idojin a 2007 da 2018, don haka ginin da aka yi bayan shekarar 2000 ya fi kwantar da hankali a kan tsohon da ya girme ta, duk da cewa 2023 ta nuna akwai sababbin da aka yi ha'inci a cikinsu. Akwai inshorar girgizar ƙasa ta dole da ake kira DASK, wadda sai da takardarta ake buɗe wa ɗan haya layin wuta da ruwa, kuma a jikinta ana rubuta lokacin da aka yi ginin, saboda haka ya nemi mai gida ya nuna masa ita kafin ya sa hannu. Takardar ba shaidar ƙwarin gini ba ce, amma tana hana dillali ya mayar da tsohon gida sabo da fenti. Ya leƙa ƙasan benen da idonsa. Idan ya ga ginshiƙai sun tsage, rodi ya fito ya yi tsatsa, ko an mayar da hawan ƙasa wani faffaɗan kanti babu ginshiƙai a tsakiya, ya bar gidan komai arharsa, domin yanke ginshiƙi don faɗaɗa shago yana cikin abubuwan da aka sha kamawa a gine-ginen da suka rufta. Unguwannin da ke bakin tekun Marmara ta ɓangaren Turai, irin su Avcılar da Küçükçekmece da Bakırköy da Zeytinburnu, ƙasarsu ta fi laushi, kuma Avcılar ta yi asara sosai a 1999 duk da nisanta da Izmit, yayin da tuddan arewacin birnin suke kan dutse. Matsalar ita ce ɗalibanmu sukan bi inda haya ta yi sauƙi, su haɗu su huɗu ko biyar a tsohon gida ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su tura wa iyaye hoton falo mai kyau. Idan ƙarin kuɗin haya zai kai shi sabon gini ko ɗakin kwanan ɗalibai na jami'a, wannan ƙarin ya fi sabuwar waya da kayan sanyi masu tsada.

Cikin ɗakin ma akwai ɗan aiki na yini ɗaya. Gado ya nisanci taga, kada a ɗora akwati a saman kabad da ke kusa da kai, kabad ɗin kuma a ɗaure shi da bango idan mai gida ya yarda. A bakin ƙofa mutanen can suna ajiye ƙaramar jaka mai ruwan sha, busasshen abinci, tocila, fawa bank, usur, magungunan da mutum yake sha, ɗan kuɗi a hannu, da kwafin fasfo da igama. Takalmi a gefen gado, saboda fasasshen gilashi a cikin duhu. Idan yaron ya ce wannan tsoro ne ko rashin tawakkali, a tuna masa da cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara ga Allah.

Sai naku aikin a nan gida, Hajiya, wanda nake roƙo a ɗauka da muhimmanci. Ranar da kika ji a rediyo an yi girgiza a Turkiyya, fara duba sunan garin, domin ƙasar tana da faɗi, kuma abin da ya faru a Malatya ko Izmir ba lalle ne a ji shi a Istanbul ba. Idan ma can ɗin ne, rashin shigar waya ba alamar musiba ba ce, cunkoson layi ne. A 2019 sai da yamma na samu sabis, na tarar da kiraye-kiraye daga Fagge har Gwammaja, an riga an fara koke-koke a gidanmu, ina zaune lafiya a kan ciyawa da kofin shayi. Ku yi yarjejeniya tun kafin ya tashi cewa da zarar an lafa zai tura gajeren saƙo ta WhatsApp ga mutum ɗaya a gidan, domin saƙon intanet yakan wuce a lokacin da kira ya gagara, wannan mutumin kuma shi zai sanar da sauran dangi. Kiran kawunnai da gwaggonni bi da bi yana cinye masa caji ne a ranar da ya fi buƙatarsa. Ki karɓi lambar abokin ɗakinsa da ta wani babba a ƙungiyar ɗaliban Najeriya da ke jami'ar, shi kuma ya sanar da ofishin jakadancinmu da ke Ankara cewa yana ƙasar.

Da ɗana ne zan bar shi ya tafi, da sharaɗin ni zan amince da gidan kafin a biya haya. Idan kuma duk da haka zuciyarki ba ta natsu da Istanbul ba, kuma makarantar da yake so tana da takwara a wani gari, Ankara da Konya suna cikin manyan biranen da haɗarinsu ya yi ƙasa da nata a taswirar da AFAD ta fitar, kuma akwai ɗalibanmu a dukkansu. Ki tambaye shi sunan unguwar da makarantar take da inda yake shirin kama ɗaki, ki kawo mana nan, waɗanda suka san wurin za su faɗa miki irin gine-ginen da ke cikinta. Allah ya kai shi lafiya, ya ba da abin da aka je nema.