Tambaya da Amsa: ERP, MRP, BOM, LAN da IP, me ake nufi, kuma wanne ne ya shafi mai kula da sito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kula da sito ne a wata masana'antar man gyaɗa da ke Sharaɗa a Kano, shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da littafin shige da ficen kaya. Yanzu maigida ya kawo wasu samari za su sa mana manhaja. Zama biyu muka yi da su, ban tsinci komai ba sai ERP, MRP, BOM, LAN, IP, VPN, saba da kilaud. Nauyi ya hana ni tambaya a gaban yaran da ke ƙarƙashina. Don Allah a warware mini, a kuma gaya mini wanda ya shafe ni kai tsaye.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmomin nan gida biyu ne, sai dai masu sa manhaja sun saba jero su a numfashi ɗaya. Gida na farko maganar kaya ce: me za a sarrafa, da me, nawa, kuma yaushe. Wannan fagenka ne, ka fi samarin nan saninsa nesa ba kusa ba. Gida na biyu maganar hanyar da bayani ke bi ce, daga kwamfutar sito zuwa inda ake adana shi. Bari mu fara da naka.

BOM shi ne jerin abubuwan da ake haɗawa a sami kaya guda ɗaya, kowanne da adadinsa. A ce katan ɗinku na ɗaukar kwalba 12 masu cin lita ɗaya. BOM ɗin katan guda shi ne lita 12 na mai, kwalba 12, murfi 12, takardar lambar kamfani 12, kwali 1, da ɗan salatif ɗin da ake rufe shi. Man ma yana da nasa BOM a ƙarƙashi, wato yawan gyaɗar da ake matsa a sami lita ɗaya, da tunkuzar da ke fita a gefe. Shi ya sa za ka ji suna cewa BOM mai hawa-hawa. Ka matsa a nuna maka wannan jeri kafin a fara aiki, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansa yake zaune. Idan an rubuta murfi 10 a maimakon 12, manhajar za ta yi ta sayo muku murfi ƙasa da bukata har ranar da wani ya gano.

MRP shi ne lissafin da ake yi da wannan jeri. Wani injiniyan kamfanin IBM a Amurka, Joseph Orlicky, shi ya tsara shi a shekarun 1960, kuma kamfanin Black & Decker na cikin waɗanda suka fara aiki da shi, a 1964. Abin da ya lura da shi mai sauƙi ne. Bukatar kayan da ake sayarwa daga kasuwa take zuwa, dole a yi hasashenta. Amma bukatar murfi ba ta neman hasashe, tunda ta rataya ne a kan yawan kwalaben da za a cika. Da zarar an san katan nawa za a yi, sauran duk ninkawa ce da ragewa.

Ga misali. An tsara za a cika katan 500 ranar 25 ga wata. Wannan jadawali na abin da za a sarrafa da ranarsa shi suke kira MPS. Katan 500 sau 12, kwalba 6,000 ke nan, ita ce jimillar bukata. A sito kana da 2,500, akwai kuma 1,000 da aka riga aka yi oda suna hanya. Saura 2,500, wannan ce ainihin bukata. Idan kun ajiye ƙa'idar cewa kada kwalaben sito su taɓa yin ƙasa da 500, sai odar ta zama 3,000. Waɗannan 500 su ne kayan ko-ta-kwana, ana riƙe su saboda mota na iya lalacewa ko a sami fasassu a cikin lodi. Daga nan sai manhajar ta dubi wa'adin isowa, wato kwanakin da ke tsakanin yin oda da shigar kaya hannunka. Idan kwana 14 ne, za ta ƙirga da baya daga ranar 25, ta ce a fitar da oda ranar 11. MRP ke nan gaba ɗayansa. Ka shekara goma sha ɗaya kana yin sa da ka da biro, bambancin kawai ita tana yi wa kaya ɗari uku a lokaci guda ba ta manta ko ɗaya ba.

A kan wa'adin isowa ake yawan yaudarar kai, don haka ka tsaya a nan. Mai sayarwa zai ce kwana biyar, amma kwanakin tafiyar mota kawai yake nufi. Bai sa kwanakin da takarda ke yi tana jiran sa hannun manaja ba, da na biyan kuɗi, da na jiran lodi, da tafiyar kusan kilomita dubu daga Legas zuwa Kano, da kwanan da za ku yi kuna duba kayan kafin ku karɓa. Ka buɗe tsofaffin littattafanka ka ciro ranar oda da ranar isowa na kowane muhimmin kaya a shekarar da ta wuce. Kwanakin da ke tsakanin ranakun biyu za a shigar, ba alƙawarin mai sayarwa ba. Kayan ko-ta-kwana kuma kada tsoro ya sa a cika su da yawa, kuɗi ne kwance a sito, wasunsu ma suna lalacewa.

A farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa lissafin ya haɗa da awannin injina, ma'aikata da kuɗi, aka kira shi MRP II, wanda ake dangantawa da wani mai ba masana'antu shawara a Amurka, Oliver Wight. Amfaninsa shi ne ya gaya maka cewa kayan haɗi sun cika amma injin cika kwalba ba zai iya katan 500 a yini ɗaya ba. Sunan ERP kuwa kamfanin bincike na Gartner ne ya raɗa shi a 1990, lokacin da manhajojin suka haɗe sito, saye, sayarwa, akanta da albashi a rumbun bayanai ɗaya. SAP ta Jamus, wadda tsofaffin ma'aikatan IBM biyar suka kafa a 1972, da Oracle da Microsoft Dynamics su ne na manyan kamfanoni. Matsakaitan masana'antu sukan ɗauki irin su Odoo ta Beljiyam, Sage ta Ingila, ko ERPNext ta Indiya. Sunayen maɓallai sun bambanta, lissafin ɗaya ne.

Takardun da za ka riƙa taɓawa kullum ba su da yawa. PO ita ce takardar odar da kuka aika wa mai sayarwa. GRN ita ce shaidar karɓar kaya da kai za ka cika, kuma da ita akanta zai biya kuɗi, saboda haka abin da ka ƙirga da idonka za ka rubuta, ba abin da ke kan takardar direba ba. Takardar umarnin aiki ita ke ba ka izinin fitar da kaya zuwa ɗakin injina. WIP su ne kayan da suka bar sito amma ba su zama katan ba tukuna, kamar man da ke cikin tanki. FIFO na nufin wanda ya riga shigowa shi ke riga fita. Lambar rukuni kuma ita ce wadda hukumar NAFDAC ke bukatar a buga a jikin kaya tare da ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi, da ita ake bin sawun kaya idan an sami matsala a kasuwa.

Abubuwa biyu ne na fi ganin suna rikita lissafin sito. Na farko ma'auni. Kai buhu ka sani, mai saye tan ya sani, ɗakin injina kilo suke aunawa. Idan aka gaya wa manhaja cewa buhu kilo 100 ne, alhali buhunan da ake kawo muku daga kasuwar Dawanau ba duka suke cika hakan ba, giɓi zai yi ta taruwa ana ɗora maka laifi. Ka nemi a riƙa shigar da gyaɗa da nauyin sikeli. Na biyu shi ne cirewa ta atomatik: da zarar an ce an gama katan 500, manhajar ta zare kwalba 6,000 daga lissafi da kanta bisa BOM. Kwalba arba'in da suka lanƙwashe a kan injin ba ta gan su ba. In ba wanda ya shigar da su a matsayin asara, allo zai ce suna nan, kai kuwa ka san ba su. Manhaja ba ta leƙa sito, abin da aka rubuta mata shi ta sani.

Yanzu gida na biyu. Saba ita ce kwamfutar da manhajar da dukan bayanai ke zaune a cikinta, taka ta sito tambayarta kawai take yi. LAN shi ne haɗin kwamfutocin da ke cikin harabarku. Wayoyinsu na taruwa a wani akwati mai ramuka da yawa da ake kira suwic, rauta kuma ita ce ƙofar da ke haɗa harabar da intanet. Wayar sadarwa ta jan ƙarfe ba ta wuce mita 100 ba tare da an sa wata na'ura a tsakani ba, don haka in sitonku ya yi nisa da ofis ka tambaye su ko za su ja faiba, wato wayar zaren gilashi da ke kai bayani nesa. Kada ka yarda a bar ka da Wi-Fi kaɗai a sito mai rufin kwano da tankunan ƙarfe, ƙarfe na tare siginar.

IP shi ne adireshin kowace na'ura, lambobi huɗu da ɗigo a tsakani, kamar 192.168.1.10. Duk wanda ya fara da 192.168 na cikin gida ne, ba a ganinsa daga waje. Rauta kan raba wa na'urori adireshi da kanta, tsarin da ake kira DHCP, kuma adireshin na iya canzawa. Saba da firinta dole a ba su tsayayyen adireshi. In ba haka ba, wata rana za a ɗauke wuta a dawo da ita, kowa ya kasa shiga manhaja alhali ba abin da ya lalace, sabar ce ta tashi da sabon adireshi. Wani lokaci za ka ga lamba bayan adireshin, kamar 8069 da Odoo ke amfani da ita, wannan lambar ƙofa ce a jikin sabar. Katangar tsaro ita ke tantance ƙofar da za a bari a buɗe. VPN kuma rufaffiyar hanya ce a cikin intanet, wadda za ta sa ma'aikacin defonku na wani gari ya shigo kamar yana zaune a ofis.

Idan manhaja na nauyi, a rarrabe faɗin layi da jinkirin amsa. Faɗin layi shi ne yawan bayanin da ke wucewa a daƙiƙa, jinkirin amsa kuma lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. ERP ƙananan saƙonni take aikawa masu yawan gaske, saboda haka jinkiri ya fi cutar da ita. Tsohon tsarin intanet ta tauraron ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000 kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa a kowace tafiya da dawowa, ƙarin data ba ya maganin wannan.

Kilaud na nufin sabar tana cibiyar wani kamfani, ku haya kuke ta intanet. An sauke muku wahalar wuta da gyara, amma ranar da layi ya yanke sito ya tsaya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da hidimar bankuna suka rikice a Najeriya da Ghana na kwanaki. Ra'ayina shi ne, in kilaud za ku shiga, a ɗauki layi biyu daga kamfanoni daban-daban, a kuma buga takardun karɓa da fitar da kaya na hannu a ajiye don irin wannan rana. In saba ta cikin gida ce, a ba ta UPS, wato na'urar da ke ci gaba da ba ta wuta idan an ɗauke, da batirin da zai riƙe ta har janareta ya tashi, a riƙa kwafar bayanai kullum ana ajiye kwafi ɗaya a wajen harabar, kuma a gwada dawo da shi a gabanku ko sau ɗaya ne.

Ranar da abu ya ƙi, ga yadda za ka gane mai laifi kafin ka ɗaga waya. In kai kaɗai ne ka kasa shiga, duba wayar bayan kwamfutarka da fitilarta a suwic. In kowa ne, saba ce ko suwic ko layin intanet. In shafi ya buɗe lafiya amma adadin kaya ba daidai ba, sadarwa ba ruwanta, wani ne bai shigar da takarda ba ko ya shigar sau biyu. Kuma kada ka ba kowa kalmar sirrinka, ko da yaron da ka fi yarda da shi ne. Manhajar na rubuta sunan wanda ya taɓa kowane adadi da lokacin da ya taɓa, duk abin da aka yi da sunanka kai za a tambaya. A buɗe wa kowane yaro nasa, da iyakar abin da zai iya canzawa.

A zamanku na gaba, ka tambaye su ranar da za a ɗauki adadin buɗe littafi, wato yawan kayan da manhajar za ta fara da su. Ka nemi a tsayar da shige da fice na yini guda, a ƙirga komai da hannu tare da akanta, a auna gyaɗa a sikeli, a ware fasassun kwalabe da buhunan da suka jiƙe, sannan ku sa hannu ku biyu kafin a shigar da ko lamba ɗaya.