Amai bayan walima, gwajin taifot da maganin da aka ce an gwada: amsoshin likita

Assalamu alaikum. Damina ta kankama, don haka yawancin tambayoyin da suka iso mini a wannan mako a kan ciki suke. Na zaɓi huɗu, sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Gusau: Likita, mun aurar da ƙanwata ranar Asabar. An ci abinci bayan la'asar, kafin isha'i mutane da yawa suka kama amai, har da yara. Washegari kowa ya miƙe. Yanzu dangin ango na cewa matar da ta yi girki ce ta zuba wani abu, wasu kuma sun ce zoɓo ne. Gida ya rikice. Ina gaskiya take?

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ƙara sauƙi. Roƙona na farko shi ne ku sauke zargi daga kan wannan mata, zato zunubi ne. Abin da kika faɗa muna ganinsa a asibiti kowane lokacin bukukuwa, kuma ba ya buƙatar mugun hannu.

Mu fara da lokaci. Daga la'asar zuwa isha'i awa uku ne ko huɗu. Aman da ya zo da wuri haka, ba zazzaɓi, ya wuce cikin kwana guda, yawanci dafi ne da ƙwayar cuta ta riga ta zuba cikin abinci tun kafin a ci. Akwai wadda ake kira Bacillus cereus, tana nan cikin ɗanyar shinkafa, kuma tafasa ba ta kashe irinta. In an sauke dafa-duka da hantsi aka danna a kula ta wuni da ɗumi-ɗumi, sai ta farka ta hayayyafa. Ta biyu ita ce Staphylococcus aureus, mai zama a hanci da fata da ɗan miki a yatsa. Dafin su biyun ba ya canza wari ko ɗanɗano, ɗumame kuma ba ya karya shi. Da a ce Salmonella ce, ta nama ko ƙwai, da ta ɗauki daga awa 6 har kwana 6, ta zo da zazzaɓi da gudawa.

In kuna son sanin ko shinkafa ce ko zoɓo, ki samo takarda da biro. Ki rubuta duk wanda ya ci abinci a wurin, da abin da ya ci, da ko ya yi amai. A nan mutane ke kuskure, sai su tambayi waɗanda suka kwanta kaɗai. Za ki ji dukansu sun sha zoɓo. To, masu lafiyar fa? In su ma sun sha, zoɓo ya fita. Abincin da masu ciwo suka ci, masu lafiya kuma akasarinsu ba su taɓa ba, shi ne abin tuhuma. Da haka ma'aikatan lafiya ke gano tushen annoba, ko a gida ɗaya ko a jiha guda.

Mu 'yan Zamfara mun ga amfanin bin diddigi. A 2010 yara suna ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. Sai da aka bi gida-gida aka gwada jini, sannan aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 muka rasa.

Gaba, a riƙa girkin biki kashi-kashi. Abin da aka sauke, in ba kan wuta yake ba ko cikin firji, kada ya wuce awa biyu.

Tambaya daga wani magidanci a Talata Mafara: Yaya zan bambance kwalara da gudawar yau da kullum? Me zan yi kafin mu kai asibiti?

Malam, gudawar kwalara ruwa ce tsagwaronta, fari-fari kamar ƙasari, tana zuba da yawa ba murɗar ciki sosai, sau da yawa da amai. Ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, tsokar ƙafa ta riƙa ɗaurewa, in ka tsunkuli fatar ciki sai ta daɗe ba ta koma ba. Ƙato mai ji da ƙarfi na iya tafiya cikin awoyi, kuma rashin ruwa a jiki ne ke kashe shi. In an mayar da ruwan da wuri, waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Saboda haka kada ka tsaya neman Flagyl a kemis. Ka kaɗa ƙunshin ORS ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tsoro ba. A yi ta kurɓa a kan hanya. Ya yi amai, a jira minti goma a ci gaba. Mai shayarwa kada ta janye nono, yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Wanda ya kasa sha, ƙarin ruwa yake buƙata nan take.

A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jiharmu na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Hanyar ɗaya ce: kashi ya shiga ruwan sha, musamman inda shadda ke kusa da rijiya, ko inda 'yan gudun hijira suka cunkushe ba makewayi. Tun 1854 likita John Snow ya nuna haka a Landan. Abin da ya ƙarfafa hujjarsa har da wani gidan marasa galihu a tsakiyar unguwar da ake ta mutuwa, mai mutum 535, amma 5 kaɗai suka mutu, domin ba daga famfon unguwar suke sha ba. A tafasa ruwa ko a sa masa kulorin. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Tambaya daga wata matar aure a Tsafe: Kusan duk wata in na je gwaji sai a ce taifot. Shin ba ta warkewa ne?

'Yar'uwa, tana warkewa. Ina kyautata zaton gwajin Widal ake yi miki, wanda aka ƙirƙiro tun 1896. Ba ya ganin ƙwayar cutar, sawun da ta bari a jini yake gani, kuma sawun kan daɗe. Zazzaɓin cizon sauro ma kan sa ya nuna akwai alhali babu. Taifot ta gaskiya zazzaɓi ce mai hawa kullum har ta wuce mako, kuma ana tabbatar da ita ne da renon ƙwayar daga jini, aikin kwanaki. Ki je a duba ki da kyau a nemo abin da ke damunki. Shan ciprofloxacin wata-wata yana koya wa ƙwayar jure magani, irin abin da ya ɓarke a Pakistan tun 2016. Na sha ganin yaron da taifot ta huda wa hanji, kuma irin wannan rana ce muke son maganin ya ci.

Tambaya daga wani ɗalibi a Ƙaura Namoda: Mahaifina na da ciwon hanta nau'in B, yana shan maganin asibiti. An turo mana saƙo a WhatsApp na wani maganin gargajiya, wai an gwada shi a kan mutane, kusan duka sun warke, kuma yana da lambar NAFDAC. Mu koma masa?

Ɗana, Allah ya ba Baba lafiya, ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ku saya. Ba na raina itatuwa, maganin zazzaɓin da muke bayarwa yau daga tazargade aka samo shi. Amma kalmar "an gwada" ba ta isa ba.

Babba in ya kamu da wannan cuta sabuwa, fiye da 90 cikin ɗari jikinsu ke kawar da ita da kansa cikin wata shida. Ka ba irin waɗannan ko ruwan randa, za ka ce sun warke. Shi ya sa gwaji na gaskiya ke raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓin mai magani ba, domin in shi zai zaɓa, masu ƙarfi zai ɗauka ko bai yi niyya ba. Wasu su sha sabon, wasu wanda aka saba, kuma in da hali kada majiyyaci ko mai auna shi su san wanne ne wanne. Sai tambayar da ta fi kowacce a wurina: mutum nawa aka fara da su, nawa aka ƙare da su? Wanda bai dawo ba, ko ya warke ne, ko yana kwance a asibiti, ko yana maƙabarta. In an ƙirga waɗanda suka dawo da godiya kaɗai, kowane magani zai ci jarrabawa.

Likitoci ma sun yi wannan laifi, suna buga abin da ya yi daɗi su bar sauran a aljihun tebur. Don haka a 1996 masana da editocin mujallun likitanci suka fitar da ƙa'idar CONSORT, aka sabunta ta a 2001 da 2010 da 2025. Tana neman mai rahoto ya faɗi yadda ya yi ƙuri'a, abin da ya ƙudura aunawa tun farko, inda kowane majiyyaci ya ƙare, da illolin da aka gani. Ana kuma rajistar gwaji kafin a fara, mu a Afirka muna da rajistar PACTR. A shekarar 1996 ɗin ce kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau, a kan yara kusan 200 da aka raba tsakaninsa da wani magani. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har 2009. Tabon wannan yana cikin abin da ya sa mutanenmu suka guji allurar shan-inna. Ma'aunin da muke ɗora wa babban kamfani shi za mu ɗora wa mai kwalba a WhatsApp.

Lambar NAFDAC da ake ba yawancin magungunan gargajiya kuwa shaida ce cewa an duba ko yana cutarwa, ba shaidar yana warkarwa ba ce. Ka karanta jikin kwalbar, sau da yawa za ka ga an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Kada Baba ya ajiye maganinsa ko na kwana ɗaya ba da sanin likitansa ba, domin tsayar da shi farat ɗaya kan sa cutar ta taso wa hanta da ƙarfi. Ka tambayi masu tallar a wace mujalla aka buga gwajin da lambar rajistarsa. In sun ba ka, turo mini in karanta.